Daga Auyo Zuwa Alƙahira: Yadda Za Ka Halarci Taron Ƙwararru Ka Kuma Ga Gari

Ni malamin gona ne, aikina da manoman rani a wani ƙauye da ke ƙarƙashin Auyo a Jihar Jigawa. Abin da ya kai ni Alƙahira kacala ce, wannan ciyawar da ta cinye mana hanyoyin ruwa tun daga nan har Nguru, ta hana ruwa isa gonakin ƙarshe, ta kuma zama makwancin jan-baki. Ƙungiyar manomanmu ta ɗauki shekara uku tana aikin gayya, muna shiga ruwa da lauje muna yanke ta daga ƙasan ruwa don saiwar ta shaƙe, ni kuma ina rubuta ranar yanka, da yawan mutanen da suka fito, da kwanakin da ruwa ke ɗauka kafin ya kai gonar ƙarshe. Wannan littafi mai tabon laka shi ne ya zama takardar da na gabatar a wani taron ƙwararru kan ban-ruwa, na kwana huɗu, cikin watan Nuwamba.

Tun da na dawo abokan aiki ke tare ni a masallaci da kasuwa: "Malam, ta ina ake farawa?" Amsata guda ce. Kwanakin ƙasar waje ba su da yawa, kuma duk abin da ba ka tsara daga gida ba, ba za ka tsara shi a can ba. Taron da yawon ganin gari duka a ƙauye ake shirya su, a kan tabarma, da biro da takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka fara da abin da ke hannunka. Yawancin tarukan nan suna buɗe ƙofar karɓar taƙaitaccen bayani wata shida ko fiye kafin ranar taro, kuma abin da suke nema bai wuce kalma ɗari biyu zuwa ɗari uku ba: mece ce matsalar, me kuka yi, me kuka gani, wane amfani wani zai yi da shi. Kada ka raina aikinka don ba a jami'a kake ba. Masu manyan digiri suna da lissafi da taswirar tauraron ɗan'adam, amma da wuya ka sami wanda ya tsaya cikin ruwa har ƙugu yana ƙirga kwanaki. Ka rubuta da Hausa tukuna idan ta fi zauna maka, sannan ka mayar Turanci, ka ba wanda ya fi ka Turanci ya duba. Ni wani malamin sakandare a Haɗeja ne ya gyara mini, a shagon kwamfuta kuma na tura, domin intanet ɗin ƙauyenmu ba ta ɗaukar nauyi. Ka tura da saura mako guda a rufe, kada ka kai ranar ƙarshe.

Sai dai a kula, akwai tarukan bogi, kuma mutanenmu sun sha faɗawa. Alamarsu ba ta ɓuya: an karɓi takardarka cikin kwana ɗaya, taron ya haɗa noma da likitanci da injiniyanci a ɗaki guda, kuma ana matsa maka ka tura kuɗi asusun wani mutum. Taron gaskiya yana da ma'aikata ko jami'a ko ƙungiyar ƙwararru da ta tsaya masa, za ka ga jadawalin shekarun baya da sunayen waɗanda suka yi magana. Ka nemi ɗan Najeriya guda da ya taɓa zuwa, ka kira shi.

Da an karɓi takardarka, ranar nan ka nemi tallafin tafiya, domin guraben kaɗan ne. Ka tambaya dalla-dalla, a rubuce: tikitin jirgi su za su saya ko kai za ka saya a biya ka daga baya? Kwana nawa na otal? Kuɗin rajista fa? Abincin dare? Motar filin jirgi? Ni an ɗauke mini tikiti da masauki da rajista, biza da abincin dare da duk wani yawo kuwa daga aljihuna. A nan ne kuma za ka roƙi abin da ya fi komai amfani ga mai son ganin gari: a saka ranar dawowarka kwana biyu bayan rufe taro, kai ka biya otal na ƙarin kwanakin. Idan ka faɗa kafin a yanki tikiti, sau da yawa ba ya ƙara musu komai. Idan an riga an yanka, canjin rana kuɗi ne.

Takardu suna da jerinsu, wata ba ta samuwa sai da wata. Fasfo ne farko, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ka shiga ƙasar. Idan sabo za ka yi, a Dutse ko Kano, sai da lambar NIN, kuma duk wani saɓani tsakanin sunan da ke jikinta da na sauran takardunka zai tsayar da kai makonni. Ka tabbatar sunan da ke takardar gayyata da tikiti ya zo harafi da harafi kamar na fasfo: Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a idon kwamfuta. Bayan fasfo sai izinin wurin aiki. Ka rubuta ta hannun shugabanka, ka haɗa takardar gayyata, ka riƙa bibiya da ƙafarka, domin fayil ba ya tafiya da kansa. Sannan biza. Ofishin jakadancin Masar yana Abuja, ka kuma ba abin lokaci mai yawa. Za a nemi takardar gayyata, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, takardar wurin aiki, bayanin asusun banki da hotuna. Wani ejan ya karɓi kuɗina ya ce zai gama komai cikin kwana goma, ya ajiye mini fasfo mako uku bai kai ko'ina ba, sai da na je na karɓo da kaina. Abin da ya cece ni shi ne masu shirya taron sun aika sunayenmu ofishin jakadancin. Ka roƙi naka su yi haka tun farko.

Kada ka manta katin rigakafin shawara, mai launin rawaya. Masar tana neman sa daga duk wanda ya fito daga Najeriya. Ana yin allurar a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Allura ɗaya ta isa har abada, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka. Ka yi ta gaske. Katin da aka saya ba tare da allura ba yana iya sa a tsare ka a filin jirgi, lafiyarka kuma ba ta sami komai ba.

Maganar kuɗi: naira ba ta canzuwa a can, don haka ka riƙe dala, sababbin takardu marasa yagewa, ko ta banki ka samu ko a kasuwar canji ta Wapa a Kano. A Alƙahira sai ka canza kaɗan-kaɗan zuwa fam ɗin Masar, wanda su suke kira gine, a banki ko shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasit. Kada ka canza a titi. Ka kuma je bankinka ka tabbatar katinka zai yi aiki a waje, domin manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar kuɗin hannu a tagar tikiti, sai kati. Ka raba kuɗin gida biyu, kada su kwana a aljihu ɗaya.

A jaka kuwa, kayanmu na gida sun wadatar. Na tafi da kaftani huɗu da babbar riga ɗaya ta ranar gabatarwa, kuma hular nan ta buɗe mini hira da mutane da yawa. Amma ka sa rigar sanyi, domin daren Nuwamba a Alƙahira kamar tsakiyar hunturunmu yake, ga sanyin na'ura a zauren taro. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai uku, sai ka sayi mahaɗi tun a Kano. Fawa banki a jakar hannu yake tafiya, turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 kuma a babbar jaka. Ɗan yaji a roba zai yi maka rana. Abu biyu kuma ba na wasa da su: kada ka ɗauki Tramadol ko makamancinsa, dokar Masar tana da tsanani a kansa har da ɗauri, duk maganin da kake sha kuma ya kasance cikin kwalinsa da takardar likita. Na biyu, kada ka karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ko na wa ne. Takardar da za ka gabatar ka ajiye ta wuri uku: filashi, imel, da bugaggiya a hannu.

Kafin ka tashi ka yi sallama yadda ya kamata. Na je na durƙusa gaban mahaifiyata, ta ce, "Allah ya tsare, ya kai ka lafiya, ka riƙe sallarka." Na je wurin dagaci na ce, "Ranka ya daɗe, aikin gayyarmu ne zan kai." Ya ce in gaya musu da hannu muka yi, ba da inji ba. Wannan magana na buɗe jawabina da ita. Ka kwana a Kano daren tafiya, kada ka dogara da motar asuba ta hanyar Gujungu, taya ɗaya ta fashe jirgi ya tafi. Daga Kano akwai jirgin EgyptAir da ke zuwa Alƙahira kai tsaye, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. Da ka sauka, ka sayi layin waya a filin jirgi da fasfonka, ka riƙe sunan otal a rubuce da Larabci. Batun kasaru kuma ka tambayi malaminka tun a gida. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya zama mazauni, zai cika sallarsa.

Daren da ka isa, ka zauna da jadawalin taro. Zaure uku ko huɗu ke gudana lokaci guda, ba za ka iya halartar duka ba. Ka sa alama a kan waɗanda suka shafi aikinka, ka ƙara ɗaya a kullum wanda ba ka san komai a kansa ba. Da safe ka riga mutane zuwa, ka karɓi katin wuya, ka nemo zaurenka da wurin salla da bayan gida tun kafin cunkoso. Idan ana magana da Larabci ko Faransanci, akwai abin sawa a kunne na fassara a bakin ƙofa, sau da yawa sai ka ajiye katin shaida kafin a ba ka. Ka tafi da wani kati daban, kada ka bar fasfonka a hannun kowa.

Na ga mutanen da suka zo ranar buɗewa, suka ɗauki hoto a gaban allon taro, ba a sake ganinsu ba sai ranar raba takardar shaida. Abin ya dame ni ƙwarai. Kujerar nan wani ya nema bai samu ba, kuma idan masu shiryawa suka lura, ɗan ƙasarka na gaba ne zai sha wahalar samun tallafi. Dalar Fir'auna ta Giza ba za ta gudu ba, shekara dubu huɗu da ɗari biyar tana tsaye. Mutanen da ke zauren kuwa kwana huɗu ne kawai za su taru a wuri ɗaya.

Minti goma sha biyu aka ba ni. Na gwada jawabin sau bakwai a gida da agogo a hannu, ƙanena yana riƙe da wayar. Hoton majigi goma na yi, mafi yawansu hotunan gaske: magudana kafin yanka, magudana bayan yanka, dattijo da lauje cikin ruwa, da shafi ɗaya na littafina. Rubutu kaɗan, manyan haruffa. Ka yi magana a hankali, domin mai fassara yana bin bayanka, kuma rabin zauren su ma Turanci ba harshen iyayensu ba ne. Ka yi amfani da hekta da mita, idan ka ambaci buhu ka faɗi kilo nawa ne. Da aka zo tambayoyi wata mata ta ce nawa aikin ke ci a kowace kilomita idan an biya leburori. Ban taɓa lissafawa ba, sai na ce zan lissafa in turo mata, na karɓi adireshinta, na kuma tura bayan mako biyu. Hakan ya fi ka ƙirƙiro amsa a tsaye.

Lokacin shan shayi shi ne kasuwar taron. Kada ka lafe a gefe da 'yan ƙasarku kaɗai. Ka buga katin adireshi ko da hamsin ne, duk wanda ya ba ka nasa kuma ka rubuta a bayansa abin da kuka tattauna, in ba haka ba za ka dawo da tarin katunan da ba ka san fuskokinsu ba. A nan na haɗu da wani injiniya ɗan Masar, dattijo mai furfura, wanda ya ce su tasu annobar wata ciyawa ce mai shawagi da suke kira wardin Nil. Ya ɗauki tishu ya zana mini yadda suke raba ruwa bi da bi, magudana ta yi kwanaki a buɗe ta yi kwanaki a rufe, da yadda manoman ƙaramar magudana ɗaya ke haɗa kai su naɗa mai kula da famfo. Ya ce gonarsu da faddan ake aunawa, faddan ɗaya murabba'in mita 4,200, bai kai rabin hekta ba. Tishun nan yana cikin littafina har yau.

Idan taron yana da ranar fita gani da ido, ka rubuta sunanka tun ranar farko, kujerun mota suna cika. Mu an kai mu Ƙanaɗir, arewa da Alƙahira kaɗan, inda Nilu ke rabuwa gida biyu, reshe ɗaya ya nufi Rashid ɗaya ya nufi Dimyaɗ. Tsohuwar madatsar wurin tun zamanin Muhammadu Ali, mai mulkin Masar a lokacin, aka fara ta, a ƙarni na 19, da bakuna a jere kamar na tsohon masallaci. A can na gane me ya sa ruwa ke tsaye a ran mutanen nan. Ruwan sama kusan babu, kusan dukkan jama'arsu a gefen kogi ɗaya suke zaune, kason da yarjejeniyar raba ruwan Nilu ta 1959 ta ba su kuma kubik mita biliyan 55.5 ne a shekara, jama'a na ƙaruwa, kason bai ƙaru ba. Shi ya sa gwamnati ke ƙayyade inda za a noma shinkafa, shi ya sa kuma suke sake amfani da ruwan da ya tsiyayo daga gonaki. Na tuna yadda muke barin ruwan Tiga da Challawa yana malala a kan hanya dare da rana, raina ya sosu. A irin waɗannan wurare ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, kuma kada ka ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko'ina a ƙasar.

To, an rufe taro, saura kwana biyu. Alƙahira ba ta ganuwa a kwana biyu, don haka ka zaɓa, ka kuma haɗa wuraren da ke kusa da juna a rana ɗaya, domin cunkoson motoci zai iya cinye maka rabin yini. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, shi ne mafi sauri da araha, kuma akwai taragun mata zalla a tsakiya, 'yan'uwa mata su lura, maza kuma su kiyaye. Inda bai kai ba ka kira Uber, kuɗin a rubuce yake, babu ciniki. Hutunsu Juma'a da Asabar ne, safiyar Juma'a kuma titi fayau yake. Mafi alheri duka, ka nemi ɗalibinmu da ke karatu a Azhar, suna da yawa, da wuya a rasa ɗan Jigawa ko Kano a cikinsu. Ni wani yaro ɗan wajen Ringim ne ya yi mini jagora, yana kirana Yaya, ya san inda ake tsawwala wa baƙo. Ka biya masa mota da abinci, ka kuma yi masa ihsani mai kyau, karatunsa ya bari dominka.

Shawarata ita ce ka nemi wuri ɗaya a garin da ya shafi sana'arka, ka ba shi lokaci fiye da sauran. Ni nawa shi ne Miƙyasin Nilu, ma'aunin kogi, a ƙarshen kudancin tsibirin Rauda. An gina shi a shekarar 861, zamanin halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. Daga waje ƙaramin ɗaki ne mai tsinin rufi, ba za ka ce akwai komai ba. Da ka shiga sai ka ga rijiya mai faɗi ta sassaƙaƙƙen dutse, matakala na bin bango tana sauka, a tsakiya kuma ginshiƙin marmara mai kusurwa takwas, an tsaga masa alamomi kamu-kamu. Ta ƙofofi uku ruwan kogi ke shigowa a da. Idan ambaliyar shekara ta kai kamu 16, an san za a ci a ƙoshi. Idan ta gaza, yunwa na tafe, idan ta zarce da yawa kuma ɓarna ce, har harajin shekara da wannan ginshiƙi ake yankewa. A bangon akwai ayoyin da ke maganar ruwa da tsiro, da tsohon rubutun Kufa. Na sauka har ƙasa, na ɗora hannuna a kan dutsen, yana da sanyi, na ɗaga kai na ga alamomin suna hawa sama da ni. Tun da aka gama madatsar Aswan a 1970 ambaliya ta daina zuwa, rijiyar ta bushe. Na fi awa guda a wurin, mu uku ne kawai da mai gadi. Abin da na riƙa tunani shi ne babbar magudanarmu ba ta da ko sanda mai alama da manomi zai duba.

Daga nan Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren garin, ba nisa. Akwai masallacin Amru ɗan Asi, na farko a Masar, wanda asalinsa ya koma wajen shekarar 642, sai gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021, har da ta Ramsis na biyu. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin gawarwakin, kuma shiru ake yi. Idan lokaci ya rage, kabarin Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820, yana wannan ɓangaren na gari.

La'asar ka yi ta a Azhar. An fara ginin a 970, aka fara salla a ciki a 972. Ka cire takalmi ka zauna a farfajiyar farin marmara, za ka ga zoben ɗalibai kewaye da malami kamar makarantar zaure, kuma kada ka yi mamaki idan ka ji Hausa a bayanka. Alaƙarmu da garin nan tsohuwa ce, Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 aka binne shi a Alƙahira, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Bayan masallacin akwai lungun masu sayar da littattafai, a can na yi wa limaminmu tsaraba. Tsallaken titi kuma masallacin Husaini ne da kasuwar Khan Khalili, sai titin Mu'izz da ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Babu Zuwaila, tsofaffin gine-gine hagu da dama, ya fi kyau bayan magariba idan an kunna fitilu.

Rana ta biyu ka yi sammakon Giza. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, tsayinta na asali mita 146, kuma dutse ɗaya a layin ƙasa ya kai mini ƙirji. Na tuna hotunan dalar gyaɗa ta Kano, na gane inda aka ɗauko siffar. Shiga ciki tikitinsa daban, hanyar kuma ƙunci ce, a sunkuye ake hawa, mai ciwon baya ko numfashi ya haƙura. Masu raƙuma da dawakai za su bi ka. Idan za ka hau, ku gama magana tukuna: nawa, da wane kuɗi, zuwa ina, har da dawowa da saukewa. Idan ba ka so, ka ce "la, shukran" ka ci gaba da tafiya, kada ka karɓi abin da aka ɗora maka a hannu da sunan kyauta. Awa uku ta ishe ka. Da yamma ka hau ganuwar Salahuddin, wadda aka fara a 1176, ka kalli garin daga sama, ka sauko masallacin Sultan Hasan da ke ƙasanta, inda aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun nan makarantarta, har da tamu.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Koshari shi ne na talaka, shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da miyar tumatir da soyayyiyar albasa, kwano ɗaya ya riƙe ka yini. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake, da gurasa, da ta'amiyya wadda ƙanwar ƙosai ce. Mulukhiyyarsu lalo ce tsaf. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, dom kuwa ruwan goriba, ga ruwan rake ana matse shi a gabanka. Ruwan sha dai na roba za ka riƙa saya. Larabcinsu ya bambanta da na littafi, jimun sun mayar da shi ga, amma idan ka yi musu na makaranta za su gane. A kasuwa "bikam" shi ne nawa, farashin farko kuma na baƙo ne, ka taya kamar kana Kantin Kwari. Ka tanadi ƙananan kuɗi na ihsani ga mai gadin takalma da mai ɗaukar kaya, al'adarsu ce. Kafin ka cika jaka da littattafai da jallabiyoyi da dabino, ka duba kilon da tikitinka ya yarda da shi, domin kuɗin ƙarin kaya yana iya fin kuɗin kayan.

Takardun shiga jirgi da rasit ɗin otal ka adana su, masu tallafi da ofishinku duk za su nema. Rahoton wurin aiki ka rubuta shi cikin makon farko, shafi biyu, tun abin yana ɗanye, ka kuma aika wa duk wanda ka karɓi katinsa gajeren saƙo kafin ya manta fuskarka.

Ni bayan na huta kwana biyu na tara ƙungiyarmu a gindin tsamiyar bakin magudana, na miƙa wayata tana zagayawa hannu zuwa hannu. Hoton dala bai daɗe a hannun kowa ba. Na rijiyar Rauda ne ya tsaya wurin shugaban ƙungiya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan ai mu ma za mu iya." Ranar kasuwar da ta biyo muka sayo ƙarfe mai tsawon mita biyu da fenti ja da fari, muka tsaga masa alama duk santimita goma, muka kafa shi da siminti a bakin ƙofar ruwa. Yaron da ke buɗe ƙofar shi ke duba shi safe da yamma, yana rubutawa a sabon littafi.